Zaɓen gidan kula da tsofaffi a Ingila: me ya kamata a duba kafin a kai Baba?

Maman Yusra:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci yau mako uku ke nan. Mahaifina ya haura shekara 80, ya zo ƙasar nan karatu tun cikin shekarun 1970, ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu yake zaune shi kaɗai a gidansa da ke Leeds, ni kuwa ina leƙa shi safe da yamma. Shekara biyu da suka wuce likitoci suka tabbatar yana da ciwon mantuwa, wanda a gida muke kira gigin tsufa. A watan jiya ya faɗi a banɗaki cikin dare, ƙashin ƙugunsa ya karye, sai da gari ya waye na zo na same shi kwance a ƙasa. An yi masa aiki kuma ya samu sauƙi, amma yanzu ba ya iya tashi sai mutum biyu sun kama shi, kuma asibiti sun ce ba zai yiwu ya koma zama shi kaɗai ba. Ni ina zaune a hawa na biyu da yara uku, benen ba shi da lif, maigidana kuma aikin dare yake yi. Jami'ar walwala ta ba ni sunayen gidajen kula da tsofaffi guda uku ta ce in je in duba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Turancin da Baba ya yi shekara 50 yana yi ya fara ɓace masa, yanzu Hausa kawai yake yi, wani lokacin ma yakan kira ni da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Ina roƙon waɗanda suke aiki a irin waɗannan gidaje su gaya mini abin da zan duba, domin duk ukun a hoto suna da kyau.

Kawu Na Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. 'Yata, zan faɗa miki abin da ke raina ko da ba zai yi daɗin ji ba. Ban ga yadda za a yi mutum ya haifi 'ya'ya, ya yi ɗawainiyarsu har suka zama mutane, sannan a ƙarshen rayuwarsa a miƙa shi ga baƙi waɗanda ba su san harshensa ba, ba su san alƙiblarsa ba. Allah Ya hana mu ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya riske su a wurinmu. Idan zama da shi a nan ya gagara, me zai hana a mayar da shi gida cikin dangi, inda zai ji kiran salla, ya ji ana gaishe shi da harshen da ya rage masa?

Anti Nas:
Kawu, maganarka tana da nauyi, kuma za mu dawo kanta, amma bari in fara amsa tambayar da 'yar'uwarmu ta yi, domin asibiti ba zai jira mu gama muhawara ba. Na yi shekara 9 ina aikin jinya a gidajen tsofaffi a Bradford da kewaye. Da farko ki sani gidajen iri biyu ne. Akwai wanda ake taimaka wa tsoho da wanka da sutura da abinci kawai, akwai kuma wanda ke da ma'aikacin jinya mai rajista dare da rana. Wanda ba ya iya tashi, ga kuma ciwon mantuwa, sai an auna shi da kyau kafin a san wanne ya dace da shi, don haka kada ki karɓi gado a ko'ina sai an nuna miki sakamakon awon buƙatunsa a rubuce.

Idan za ki je dubawa, ki je sau biyu. Na farko ki bi lokacin da suka ba ki, na biyu kuma ki je ba sanarwa, da misalin ƙarfe biyar na yamma lokacin cin abinci, ko ranar Lahadi da manaja ba ya nan. Ki zauna a falo na rabin awa ki yi shiru ki saurara. Idan ƙararrawar neman taimako ta yi ƙara, ki duba agogo ki ga minti nawa take ɗauka kafin wani ya amsa. Ki lura ko kofin ruwa yana inda hannun tsoho zai kai, domin na sha ganin an ajiye kofi cike a kan tebur nesa da mai shi, a takarda kuma an rubuta an ba shi ruwa. Ƙarancin ruwa a jikin tsoho yana jawo ciwon mafitsara, shi kuma yana ƙara rikita mai ciwon mantuwa har a ɗauka cutar ce ta tsananta. Ki dubi faratan mazauna gidan da haƙoransu da gashinsu, domin waɗannan su ne ake fara sakaci da su idan hannaye sun yi kaɗan. Warin fitsari a ɗaki ɗaya na ɗan lokaci ba abin mamaki ba ne, amma idan ya kama kafet da labule har baranda, to ana barin mutane cikin jiƙaƙƙen ƙunzugu.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: mutum nawa ne suke aikin dare, kuma tsofaffi nawa ne a hannunsu? Dokar Ingila ba ta ƙayyade adadi ba, cewa kawai ta yi a samar da isassun ma'aikata masu ƙwarewa, sai kowane gida ya fassara "isassu" yadda ya ga dama. Na taɓa aiki a wani gida da muke mu biyu da dare a hawa guda mai tsofaffi fiye da 20. Na'urar ɗaga mara lafiya mutum biyu take buƙata, saboda haka duk lokacin da muka shiga ɗaki ɗaya don juya wani, sauran duka babu mai kallonsu. Wata tsohuwa ta yi ta danna ƙararrawa tana son zuwa banɗaki, kafin mu iso ta riga ta ɓata jikinta, ta rufe fuska da bargo tana kuka tana ba mu haƙuri. Har yau ban manta da ita ba, kuma ba rashin tausayi ne ya jawo hakan ba, rashin hannu ne. Wanda ba ya motsi kamar Baba sai ana juya shi a kai a kai, in ba haka ba gyambon kwanciya zai fito masa a ƙugu da dugadugai, don haka ki nemi su nuna miki irin takardar da suke rubuta lokutan juyawa.

Baban Khalil:
Allah Ya saka wa Anti da alheri. Zan ƙara da batun hukuma. Duk gidan kula da tsofaffi a Ingila dole ne ya yi rajista da CQC, hukumar da ke sa ido a kan wuraren kulawa da jinya, wadda ta fara aiki a 2009, kuma rahoton kowane gida yana shafinta na intanet kyauta. Tana auna abubuwa biyar, wato ko mazauna suna cikin aminci, ko kulawar tana da amfani, ko ana yi musu da tausayi, ko ana biyan buƙatun kowa gwargwadon halinsa, da kuma ko shugabancin gidan yana da kyau. Daga nan sai ta ba da ɗaya daga cikin matakai huɗu: fitacce, mai kyau, mai buƙatar gyara, ko wanda ya gaza. Doka ta wajabta wa gidan ya liƙa matakinsa inda kowa zai gani.

Sai dai ina jan hankalinki da ki dubi kwanan watan rahoton kafin ki dubi matakin. A 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki hukumar kanta, ta gano cewa ziyarar duba wurare ta ragu ƙwarai idan aka kwatanta da kafin annobar korona, wasu wuraren an yi shekaru ba a koma ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su mataki ba. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya fito fili ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa. To idan an rubuta "mai kyau" a ƙofa amma rahoton ya shekara biyar, kuma an canza manaja sau biyu tun daga lokacin, wannan shaidar ta wani gida ce da ba shi ne a gabanki ba. Ki tambayi manaja yaushe ya kama aiki a wurin. Ki kuma karanta cikin rahoton, musamman sashen magunguna da na faɗuwa.

Maman Yusra:
Na gode ƙwarai. Na duba yanzu, biyu daga cikin ukun suna da "mai kyau", amma rahoton ɗayansu tun kafin korona ne. Na ukun kuwa "mai buƙatar gyara" aka ba shi bara, kuma shi ne mafi kusa da gidana. Shin in cire shi daga lissafi? Sannan batun kuɗi ya ɗaure mini kai, domin ɗaya daga cikinsu ya ce mini kuɗinsa ya haura fam 1,000 a mako.

Baban Khalil:
Kada ki cire shi tukuna, ki karanta dalilin da ya sa aka ba shi wannan mataki. Idan matsalar ta ajiye takardu ce kuma sun gyara, wannan daban ne da a ce an samu kuskure wajen ba da magani ko an ɓoye faɗuwar wani. Kusanci ma ba ƙaramin abu ba ne, domin gidan da za ki iya leƙawa kullum bayan kin ɗauko yara daga makaranta ya fi wanda sai ƙarshen mako.

Game da kuɗi, a Ingila wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biya wa kansa, kuma wannan adadi bai motsa ba tun 2010. Tunda Baba shi kaɗai yake zaune a gidansa, za a lissafa darajar gidan cikin dukiyarsa, sai dai ba a lissafa ta a makonni 12 na farko, kuma ana iya yin yarjejeniya da ƙaramar hukuma ta riƙa biya a matsayin bashi har a sayar da gidan daga baya. An taɓa shirya ƙayyade abin da mutum zai kashe a kan kulawa a fam 86,000 tsawon rayuwarsa, amma gwamnati ta soke shirin a watan Yulin 2024. Kafin ki sa hannu a kan komai, ki nemi a auna Baba a ga ko ya cancanci tsarin da hukumar lafiya ta NHS ke ɗaukar nauyin kulawa gaba ɗaya ga wanda babbar buƙatarsa ta lafiya ce. Samunsa yana da wuya, amma haƙƙinsa ne a auna shi, kuma sau da yawa ba a faɗa wa iyali sai sun tambaya. Kada kuma ki sa hannu da sunanki a matsayin mai lamunin biya ba tare da kin nemi shawarar masu sani ba.

Kawu Na Zariya:
Ga shi kun faɗa da bakinku. Mutum biyu a kan tsofaffi 20, hukumar da ke dubawa ita ma an same ta da gazawa, sannan a sayar da gidan da bawan Allah ya yi shekaru yana biya. Da kuɗin mako ɗaya a nan za a ɗauki mai kula da shi na watanni a Zariya, ga jikoki da 'yan'uwa kewaye da shi. Ban ga abin da ya rage na muhawara ba.

Hajiya Uwargida:
Malam, ni daga Kaduna nake rubutu, kuma ni na yi jinyar mahaifiyata shekara huɗu a ɗakina bayan shanyewar ɓarin jiki, saboda haka ina ganin ina da bakin magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dangin da ake ambata suna zuwa gaisuwa ranar Juma'a da ledar lemo, amma juyawar ƙarfe biyu na dare da wankin zanin gado a kan mace ɗaya suke faɗawa, ko 'ya ko suruka. Na ɗauki masu taimako har uku a jere, babu wadda aka koya wa yadda ake ɗaga mara lafiya, kuma gyambon da ya fito wa Inna a baya ban san sunansa ba sai da ya yi zurfi. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, amma ni dai ban taɓa ganin wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi yadda ake kula da tsohuwar da ke kwance a gidana ba. A can aƙalla akwai rahoton da za a karanta da inda za a kai ƙara. Ban ce kada a dawo da shi ba, amma a fara samun wanda zai ce shi ne zai kwana da shi, a kuma tambayi likita ko mai karayar ƙugu da ciwon mantuwa zai jure tafiyar da sauyin wuri. A sani kuma fanshon gwamnatin Birtaniya ana biyansa a Najeriya, sai dai ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa mazauna can.

Ɗan Katsina a Manchester:
Ni ma'aikacin kula da tsofaffi ne, na zo da bizar wannan aiki bayan an buɗe ta a 2022. Ina so Yaya ta ƙara tambaya ɗaya: ma'aikata nawa ne na gidan, nawa ne kuma na aro da kamfani ke turowa? Mai ciwon mantuwa fuska yake riƙewa da murya. Akwai wani dattijo da nake kula da shi wanda ba ya yarda kowa ya aske masa gemu sai ni, domin na gane cewa sai an fara ɗora masa tawul mai ɗumi an bar shi ya riƙe burushin da hannunsa. Ranar da ba na nan aka turo baƙo, ya ture hannunsa, sai aka rubuta cewa yana da faɗa. Irin wannan rubutu idan ya taru shi ke kai wa a fara ba mutum maganin kwantar da hankali, ya wuni yana gyangyaɗi a kujera. Tun Maris na 2024 aka hana masu bizarmu zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje, albashin kuwa bai fi mafi ƙarancin da doka ta yanke da wani abin kirki ba, don haka mutane suna yawan barin aikin.

Batun mai gidan ma abin dubawa ne. Kamfanin Southern Cross yana da gidaje kusan 750 lokacin da ya durƙushe a 2011 saboda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa. A ɗaya daga cikin gidajensa, Orchid View da ke West Sussex, mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mutum 19, ta yanke a 2013 cewa sakaci ya taimaka wajen mutuwar biyar daga cikinsu, alhali hukuma ta ba gidan shaidar "mai kyau" a 2010. Wata ma'aikaciyar gidan ce ta tona asirin. Shi ya sa nake ganin ki samu ma'aikaci ɗaya ki tambaye shi a keɓe ko zai yarda a kawo mahaifinsa wurin.

Anti Nas:
Na yarda da ƙanena a kan komai sai wannan na ƙarshe. Wanda bizarsa ke rataye a hannun mai gidan ba zai faɗa wa baƙuwa gaskiya ba, kuma bai kamata a jefa shi cikin wannan hali ba. Gara ta tsaya a wajen ajiye motoci ta yi magana da iyalan da suka zo ziyara. Game da ziyara kuma, bayan abin da ya faru lokacin korona da aka rufe ƙofofi watanni, tun Afrilun 2024 ƙa'ida ta wajabta wa gidaje su bar iyali su riƙa ziyara sai da wani dalili mai ƙarfi. Duk gidan da ya ce miki ziyara daga ƙarfe biyu zuwa huɗu ce kawai, ki nemi dalili. Idan matsala ta taso daga baya, ana fara kai ƙorafi ga manaja a rubuce, idan kuma ana zargin cutarwa ko sakaci sai a kira sashen kare manya na ƙaramar hukuma kai tsaye.

Malam Mai Almajirai:
Allah Ya ba da lada ga duk wanda ya yi magana. Kawu ya kawo aya, kuma gaskiya ce, sai dai abin da aka umarce mu da shi shi ne kyautatawa, kuma barin tsoho a inda zai sake kwana a ƙasan banɗaki ba ya cikinta. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, amma mutuncinsa yana nan, kuma nauyin kiyaye shi yana kan 'ya'yansa duk inda yake kwana. 'Yata, ki sa a rubuta waɗannan cikin tsarin kulawarsa tun ranar farko: namiji ne zai yi masa wanka idan da hali, a yi masa tsarki da ruwa, a rufe masa al'aura lokacin canza kaya, kada a ba shi naman da ba halal ba, kuma idan ajali ya zo a kira ku nan take kada a yi komai da gawarsa sai kun iso. Ki shiga kicin ɗin da ƙafarki ki ga inda suke sayen naman, domin wasu gidajen abin da suke nufi da halal shi ne su ba mutum kifi da dankali kullum.

Maman Yusra:
Na je gidaje biyu jiya da yau, kuma na bi shawarar Anti na koma da yamma ba sanarwa. A gidan da ke da tsohon rahoto, falon yana da kyau ƙwarai, amma na ƙirga minti 14 ƙararrawa tana ƙara, kuma na ga an ɗauke farantin wata tsohuwa ba ta ci ko loma uku ba, babu wanda ya zauna kusa da ita. A na kusa da ni kafet ɗin ya tsufa, amma manajar ta ɗauko rahoton bara da kanta ta nuna mini abin da aka kama su da shi, wato rubutun magungunan shafawa da ba a cikawa, da yadda suke yi yanzu. Ta ce mutum uku ne da dare a hawan da Baba zai zauna, ɗayansu ma'aikacin jinya. Akwai wani matashi ɗan Ghana a cikin ma'aikatan da ya taso a zango a Kumasi, na gaishe shi da Hausa ya amsa. Na nemi a haɗa shi da Baba gwargwadon yadda jadawalin aiki ya ba da dama, manajar ta ce za ta gwada amma ba ta yi alkawari ba. Na fara rubuta musu kalmomi a kwali da yadda ake furta su, irin su ruwa, zafi, banɗaki, sanyi, salla da sannu, don a liƙa a gefen gadonsa.

Kawu, na kira yayana da ke Zariya mun yi magana mai tsawo, ya ce matarsa tana jinyar mahaifiyarta a yanzu, amma zai nemi biza ya zo ya ga Baba. Ba mu yanke cewa zaman na dindindin ba ne, za a sake duba lamarin bayan mako shida. Abin da ya rage mini shi ne Baba bai taɓa rubuta takardar wakilci da za ta ba wani ikon kula da kuɗinsa ba tun yana da cikakken hankali, kuma banki sun ƙi saurarona. Baban Khalil, idan ka san yadda ake neman izinin kotu a kan wannan da tsawon lokacin da yake ɗauka, don Allah ka yi mini bayani kafin ranar Alhamis da zan zauna da jami'ar walwala.